Ranar da Baffa Ya Share Mini Bola

Wata goma sha huɗu na yi ina kiwon shara. Haka matan Indabo suke cewa, ban kuma taɓa musa musu ba. In na sauka daga babur da safe, da dogon takalmin roba da safar hannu, sai in ji wata ta ce, "Ga Mas'uda can, mai digirin bola." Nakan tsaya in gaishe su, har in tambayi lafiyar yara, sannan in wuce.

Manoman wajenmu sun daɗe suna kwasar sharar gari su zuba a gona. A da toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Yanzu akwai mataccen batir a ciki, da leda, da kwalaben magani. Abin da nake so in sani shi ne me yake shiga ƙasa, me kuma yake hawa cikin geron da muke ci. A kan wannan nake digiri na biyu a Wudil.

Baffa Gwadabe, yayan mahaifina, shi ya ara mini gefen gonarsa. Na tara tsibi goma sha biyu. Shida na tsince su da hannuna, na fitar da duk wani batir da leda. Shida na bar su yadda mota ta juye su. Kowane tsibi da turkensa da lambarsa da jan fenti. Duk mako ina auna zafinsu, in ɗebi kaɗan in sa a kwalba. Kwalaben suna jere a ƙarƙashin gadona, domin injin da zai gaya mini yawan gubar dalmar da ke cikinsu ba ya kusa, kuma ba a gwajin kyauta.

Sai malamina, Dakta Saifuddeen, ya kira ni. Wata gidauniya mai tallafa wa bincike kan shara ta karanta takardata. Mutum ɗaya za su ɗauka a jihar, amma sai sun zo sun ga aikin da idonsu. Ranar Alhamis.

Ranar Litinin na gaya wa Baffa.

"Baƙi? Daga ina?"

"Daga Abuja, Baffa."

"Har gonata?"

"Tsibin nan za su gani."

Ya gyara zaman hularsa, ya daɗe yana kallon wajen. "To, Allah ya kawo su lafiya."

Talata da Laraba ina Wudil ina buga takardu. Alhamis da hantsi na shiga motar baƙin, Dakta Saifuddeen a gaba, ni a baya kusa da shugabarsu, Hajiya Khaulat. Tun daga kan titi nake ba ta labarin tsibi na bakwai, wanda ya fi kowanne zafi. Da muka karya kwanar gonar na ji ƙaurin leda.

Fili na tarar. An share shi tas, ga sawun tsintsiya, an yayyafa ruwa. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, ga ƙwarya biyu ta fura da ludayi. Turakuna goma sha biyu an ɗaure su wuri ɗaya da igiya, an jingine su a gindin darbejiya. Baffa yana tsaye cikin babbar rigarsa ta Juma'a.

Aka yi gaisuwa. Ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutan gida, ya zafi. Ni ina tsaye da takardu a hannu. Hajiya Khaulat ta duba dama da hagu.

"Malam, ina tsibin?"

Baffa ya yi dariya. "Haba Hajiya. Ku taso tun daga Abuja mu tare ku da juji? Ai ba haka aka rene mu ba. Kwana biyu muka yi a kai, da jakai da amalanke."

"Ina kuka kai, Baffa?" Muryata ce, amma kamar ta wata.

"Gonaki mana. Ga damina a kusa. Na raba wa maƙwabta, kowa ya sa albarka. Ledar da ta fito sama muka ƙone."

Na buɗe littafin awona a gaban Hajiya, na nuna mata hotuna a waya, mako bayan mako. Ta duba, ba ta yi mini wulaƙanci ba.

"Ƙanwata, hoto kowa yana da shi. Ƙa'idarmu sai mun gani." Ta sha furar, ta yaba, ta ce akwai wani ɗalibi da yake jiransu da azahar. Dakta Saifuddeen ya juya. Ya shiga mota yana kallon takalminsa.

Ban bi su ba. Da motar ta ɓace, Baffa ya fara naɗe tabarma.

"Baffa, wata goma sha huɗu."

"Mas'uda, shara ce fa. In kina so gobe in sa a juye miki mota guda."

"Ba za ta zama waccan ba."

Ya miƙe. "Ke kin san abin da nake ji a ƙofar masallaci? Wai Gwadabe ya bar 'yar ƙaninsa tana tonon bola da karatunta. Na haɗiye, ban taɓa gaya miki ba. Amma a ce manyan baƙi sun zo sun same mu cikin ƙuda? Wannan kam ba da ni ba."

Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Mutumin nan sai da ya sayi sabuwar tabarma.

Ban yi kuka ba. Na ce ya lissafa mini waɗanda suka kwasa. Gonaki bakwai, har da tasa. Babu wanda ya san wane tsibi ya shiga wane mangala, an cakuɗa tsintacce da wanda ba a tsince ba. Na kwance igiyar, na ɗauki turakuna a kafaɗa, na bi sawun jakai. A gonar Malam Isyaku na durƙusa ina tsintar batir cikin rana, shi kuma yana tsaye a kaina.

"'Yar Gwadabe, baƙin naki ba su ba ki mota ba?"

"Ba su ba ni ba, Malam. Matsa, ka taka ɗaya."

Wasiƙar gidauniyar ta zo bayan mako uku. Sun gode, sun kuma yi mini fatan alheri.

Duk daminar nan ina zagaya gonakin bakwai, ina ɗiban ƙasa. Gero ya yi kyau bana, kowa yana faɗa. Da kaka Baffa ya aiko mini da buhu guda daga gonarsa, da saƙon cewa in ci albarkacin sharata. Na ɗebi tafi ɗaya na zuba a kwalba, na rubuta suna da kwanan wata, na tura ta ƙarƙashin gado wajen 'yan'uwanta. Sauran buhun yana bayan ƙofa. Ban ci ba, ban kuma bayar ba. A Indabo kuwa tun makon jiya suke tuwo da geron bana.