Ƙwaryar Regen Inna

Duk wanda ya ce maka gwaten acha abu ne mai sauƙi, bai taɓa rege acha ba. Ƙwayoyinta ƙanana ne kamar yashi, ga ta cike da yashin kansa. Ka zuba yakuwa, ka zuba gauta da gyaɗa da ƙashi mai ɓargo, in haƙori ya ci karo da tsakuwa ɗaya, aikinka ya tashi a banza.

Innarmu ba ta taɓa sayar wa kowa yashi ba. Shekaru ta yi tana wankin kuza a ramukan haƙa, tana juya ƙasa da ruwa a ƙwarya har baƙin ma'adinin ya kwanta. Da kuza ta ja baya sai ta kafa rumfa a Farin Gada cikin Jos, ƙawarta Kaneng, wata Birom mai kawo acha kasuwa, ta koya mata gwate. Ƙwaryar wankin kuzar ita ta zama ta rege. Baƙa ce wuluk, da ɗinki a gefe, kuma duwatsun kuza sun kakkarce cikinta. A cikin wannan kartar yashi yake maƙalewa, achar ta wuce fes. Ni Safara'u a gindin wannan ƙwarya na tashi.

Inna ta rasu da damina, ana ta shirin soja su miƙa mulki. Ranar rabon kaya sai ga yayata Maimunatu daga unguwar Daɗin Kowa, matar akawu, wadda ko warin hayaƙin rumfa ba ta so. Ga atamfofi, ga kwanuka, ba ta kalle su ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaryar.

"Yaya, me za ki yi da ita?" na ce.

"Ni ce babba," ta ce, ta cusa ta cikin jaka. Dangi suka ce in yi haƙuri, ai ƙwarya ce kawai.

Na sayi sabuwa. Na rege, na sake regewa, hannuna ya yi fari don sanyin ruwan Jos, amma a banza. Wata safiya Haladu, shugaban 'yan lodin kabeji, wanda yake cin gwaten Inna tun yana saurayi, ya kai cokali baki, na ji ƙaras daga inda nake. Ya tofar a gabana.

"Safara'u, gini za ki yi mana a ciki? In siminti ya rage ki faɗa, oga yana da shi."

Yaransa suka kwashe da dariya, suka tsallaka wurin mai shinkafa. Kafin wata ya ƙare, rabin tukunya nake komawa da shi gida. Kaneng ta zo da acha, ta leƙa sabuwar ƙwaryar, ta shafa cikinta, ta taɓe baki.

"Wannan ba zai kama yashi ba. Ina na mamanka? Je ka karɓo, in ba haka ba rumfa zai mutu."

Na haɗiye girman kaina na hau mota zuwa Daɗin Kowa. Maimunatu ta bar ni tsaye a tsakar gida har ta gama shafa hoda. Ko ruwa ba ta ba ni ba.

"Yaya, aron ƙwaryar Inna na zo. Ciniki ya lalace."

"Aro? Ke da kika fi kowa iyawa? Ashe ba hannun ba ne, ƙwaryar ce."

Na danne zuciyata. "Ko me kika ce na yarda. Ki ba ni."

Ta yi murmushin da na tsana tun muna yara, ta ɗaga labule ta ce in shigo. Can saman jeren kwanukanta na hango wata ƙwarya fara tas, an zane bayanta da furanni. Sai da na ga ɗinkin gefen na gane ta. Maimunatu ta sauko da ita ta ɗora mini a hannu.

"Na kai wa mai zanen ƙwarya ya kankare dattin. Ba ta yi kyau ba?"

Na sa yatsa a ciki. Sumul. Na zagaya, na sake zagayawa, ko karta ɗaya babu.

"Ke dai jahila ce, Yaya! Kin san abin da kika kankare kuwa? Kartar nan ita ke riƙe yashi!"

"Na sani," ta ce.

Na ɗago na dube ta. Murmushin ya tafi.

"Ni na tsaya a kansa, na ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kina goye lokacin da na ɗauki ƙwaryar nan zan taya Inna rege, ta suɓuce ta tsage. Ɗinkin nan nawa ne. A gaban 'yan lodi Inna ta mare ni, ta ce hannuna na ɓarna ne, kada in ƙara taɓa ta. Ban ƙara ba. Ke kuwa kullum, Safara'u zo ki gani, Safara'u riƙe nan. To, ga ta nan, riƙe."

Na so in rotsa mata ita a ka, wallahi na so. Amma na duba abin da ke hannuna, ban ga komai na Inna a ciki ba sai ɗinkin, shi kuwa ba nawa ba ne. Na ajiye mata a kan gado na fita, ba sallama.

Rumfar tana nan a Farin Gada, shinkafa da wake nake sayarwa. Kaneng ta daina tsayawa da buhunta. In baƙo ya tambayi inda ake gwaten acha mai kyau, sai in nuna masa hanyar Daɗin Kowa, in ce ya nemi matar akawu, ita ke da ƙwaryar Inna.