Kwalin da Ke Fita da Sunan Lemu

Shahinaz ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur, ta sake zura wa alƙaluman ido. Tun safe take jera takarda da kwalin da Masar ta fitar waje bara kusa da na Turkiyya, kuma ko ta ina ta juya su, namu ko ƙugun nasu bai kai ba. Da la'asar Alhaji Sha'aban, mai kamfanin, zai duba kwatancin nan ya yanke ko a rufe masana'antarsa ta kwali da ke garin Burj al-Arab ko a bar ta. A can mijinta Garib yake kan injin yanka tun kafin su yi aure.

"Maman Tamir, za ki huda na'urar nan da ido," in ji Samiha, maƙwabciyar teburinta, baki cike da wake da burodi. "Ƙara mana sifiri ɗaya mana, wa zai sani?"

"Ke dai ci wakenki."

Wallahi ta gaji, har wuyanta ya sage. Amma akwai magana guda da ta tanada, ita take ta bitarta a zuci.

Da ta shiga ofishinsa da la'asar, Alhaji na jan carbi, waya a kunne. Ya dubi takardar sama-sama ya taɓe baki.

"Alhaji, lissafin nan bai faɗi komai da komai ba," ta ce. "Su can Turkiyya kwali suke fitarwa tsagwaronsa, shi ya sa nasu ya cika ido. Namu kuwa masu lemu ke saye, su cika, su ɗora a jirgi. A kwastan lemu ake rubutawa, kwalin ya wuce ba wanda ya ƙirga shi. Amma yana fita, Alhaji, har Turai."

Mutumin da ba ya sauraron kowa, yau sai ga shi ya kashe waya.

"Sake faɗa, 'yata."

Ta sake, a hankali, zuciyarta na ɗan sanyi.

"Wato kwalina ke yawon duniya, mai lemu ke cin gajiyar?"

"Ba haka nake nufi ba, Alhaji, nufina..."

"Allah ya yi miki albarka! Ni da na kwana biyu ina wasiwasi. A sayar da injinan, in karɓi gonar lemun da ake ta tallata mini a Nubariya. Kwali ai ko'ina sai a saya."

Har shayi ya sa aka kawo mata. Ta sha, don ba a ƙin shayin Alhaji.

A motar haya ta tsaya kan ƙafa har unguwarsu, ba ta ma nemi kujera ba. Ta tarar Garib ya riga ta dawowa, yana zaune a falo da singileti, yatsunsa duk yankan takarda. Gabansa kwali ne irin nasu, cike da lemun da masu sayen kwali kan ba ma'aikata kyauta in kaka ta yi.

"Maman Tamir, kin gaya masa zancen lemun?"

"Na gaya masa."

"Ya gane?"

"Ya gane sarai."

"Alhamdu lillahi! Ai na ce wa mutanenmu su kwantar da hankali, matata na can."

Ya ɓare ɗaya ya miƙa mata rabi. Ta karɓa, ta zauna kusa da shi, ta ce a ranta bari ya gama ci tukuna kafin ta gaya masa sauran.