Ƙwaya Biyu Kowace Safiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsaye a bayan kantar kemis ɗin nan, kuma tun ranar da na fara aiki teburin Baba Mai Agogo yana jikin bangonmu. Mutum ne da zai ɗauki ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba da ɗan hantsaki, ya zura ta a raminta yana hira. Shi ya sa ranar da na hango hantsakin yana rawa a hannunsa, na bar mai sayen filasta a tsaye na fito.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ne na safe, garin ba zafi, amma zufa ta jiƙa masa riga sharkaf.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ɗan jiri ne."

Ni dai kowa lafiya lau yake ce mini, sai ya faɗi. Na ɗauko na'urar gwajin suga na soki yatsansa. Da na ga lambar sai da na yi salati, sugan ya yi ƙasa ƙwarai. Na dama masa sukari a ruwa, na tsaya a kansa har ya shanye, sannan na ba shi biskit. Can idonsa ya washe.

Na san yana da ciwon suga, na kuma san maganinsa: ƙwaya ɗaya da safe, shi ke nan. Na tambaye shi ko ya karya kumallo, ya ce ya karya. Na ce yaushe jirin ya fara, ya ce ya kai mako uku. Da na ce ƙwaya nawa ya sha yau, sai ya sunkuya ya hau goge gilashin wani agogo da ba ƙura a jikinsa.

Baba shi kaɗai yake kwana a ɗakinsa tun rasuwar matarsa. 'Ya'yansa biyu ne, duk mata, kowace tana gidanta. Babbar cikinsu malamar makaranta ce, ƙaramar kuwa, wadda yake kira Auta, tela ce. Duk layin nan an san shekara biyu ke nan ba sa ga maciji, tun wata magana da suka gaya wa juna a bakin gadon uwarsu a asibiti. Wa ta fara, wa ta rama, ba hurumina ba ne. Hurumina shi ne, idan sugan nan ya faɗi yana shi kaɗai a ɗaki da ƙofa a rufe, gawa za a tarar.

Raina ya ba ni cewa kowace tana kawo masa magani, sai na karɓi wayarsa na kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowace na ce mata ta zo yanzu, ta haɗo duk maganin da take ba shi a leda, har da kwalin. Ban gaya wa ko ɗaya cewa na kira ɗayar ba.

Malama ce ta fara isowa, da ƙurar alli a hannun rigarta. Auta ta biyo baya, tef ɗin awo rataye a wuya. Suka ga juna, kowace ta ɗauke kai. Ɗaya ta tsaya wajen firij, ɗaya wajen sikeli, suka sa uban a tsakiya a kan benci.

Na zazzage ledojin a kan kanta. Ƙwayar da Malama ta kawo fara ce, zagayayya, a kwali mai ratsin shuɗi. Na Auta doguwa ce, a koren kwali. Na juya kwalayen na ɗora yatsa a kan ƙaramin rubutun da ba wanda yake karantawa.

"Ku duba nan. Magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, kamfani ne kawai ya bambanta. Malama, ƙarfe nawa kike ba shi?"

"Shida da rabi, kafin in wuce makaranta."

"Ke fa?"

"Tara," in ji Auta, "kafin in buɗe shago. Ni na kai shi wajen likita, ni aka ba takarda."

"Ni ma ai ina da takarda," Malama ta ce, amma ni take kallo.

"To madalla, sannunku da ƙoƙari. Mako uku kuna ɗirka wa tsohon nan ninkin abin da aka rubuta masa. Saura kaɗan ku gama da shi."

Na juya wajen Baba, raina ya ɗan yi sanyi, don na ɗauka launin ne ya ruɗe shi. Na fara yi masa bayani a hankali cewa ba launin ƙwaya ake dubawa ba, sunan da ke jikin kwali ake dubawa. Ya ɗaga mini hannu.

"'Yata, ni da nake karanta lambar da ke cikin agogo? Tun ranar farko na san abu ɗaya ne."

Wallahi sai da na ji kamar in yi jifa da kwalin. "Haba Baba! Ka sani, kake haɗiyewa?"

Bai kalle ni ba, bai kalle su ba. Ƙasa yake kallo.

"Da maganin nan ya shigo, kowace safiya sai in ga ɗaya, in ga ɗayar. Kafin nan sai in yi wata ban ga ƙeyar kowa ba, kowace tana gudun kada ta tarar da 'yar'uwarta. Idan na ce wa wannan waccan ta riga ta ba ni, gobe ba za ta zo ba. Na ce to, ƙwaya ɗaya ce ta ƙaru, me za ta yi mini?"

Tausayinsa ya kama ni, amma ban bari ya gani ba. Na mayar da magungunan cikin leda ɗaya, na ƙulle bakinta. Na ce yau ɗin nan za a mayar da shi wajen likita da ledar nan, a gaya masa komai. Daga gobe kuma kwali ɗaya, a ɗakin Baba zai zauna, kuma hannu ɗaya ne zai riƙa ba shi.

Na ajiye ledar a tsakiyar kanta. Ba wadda ta miƙo hannu.

Baba ya ɗago kai, ya tambaye ni a hankali, "To wace ce za ta daina zuwa?"

Wannan amsar ba a kemis ake sayar da ita ba. Na koma wajen mai filasta, wanda har yanzu yake tsaye yana kallon ikon Allah. Ina cikin yanka masa, na ji muryar Malama a bayana, kuma ba da ni take ba.

"Auta, idan na jira ki har bakwai, za ki iya fitowa?"