Mayen Ƙarfe a Gwangwanin Allura

Da hantsi ne, hadari ya haɗu gabas amma ruwan ya ƙi sauka, sai zufa. Hauwa'u ta sauko daga motar Gwandu a kasuwar Kalgo, ta nufi rumfar Isa mai gyaran rediyo, rungume da gwangwanin da take ajiye allura da zare.

Kaset ne a ciki. Mijinta Hamidu ya yi magana a kai, ya aiko daga Kudu inda ya kai shanu, a hanyar dawowa kuma Allah Ya karɓi ransa. Bai taɓa ɗaukar hoto ba. Muryar nan kaɗai ta rage mata. To ga shi tun bayan salla muryar ta soma lalacewa, ta fito, ta nutse, ta sake fitowa.

Isa ya sa a rikoda ya saurara, sannan ya juye gwangwanin a kan tebur. Wani baƙin ƙarfe ya faɗo, allurai manne a jikinsa.

"Gwaggo, ina kika samo wanga?"

"Cikin tsohuwar rediyon marigayi. Shi ke riƙe min allura."

"Mayen ƙarfe ne. Shi ya cinye maganar."

"Ai ban bari sun taɓa juna ba, ɗana. Cikin ƙyalle na naɗe kaset ɗin."

"Ba ruwansa da ƙyalle."

Ya yi mata bayani a hankali. Zaren kaset garin ƙarfe ne aka shafa masa, kowace ƙwaya tana kallon inda murya ta juya ta. Shi kuwa maye tun daga nesa yake juyo su su kalli wuri guda, kamar shanu in sun hangi rafi. In sun yi haka, babu sauran magana.

"Ba a iya mayar da su?"

"Sai dai in mai maganar ya sake yi."

Ta dubi baƙin ƙarfen a kan tebur. Ita dai ta ga kayan mutum ɗaya ne, shi ya sa ta haɗa su.

"Maida min farko, in ƙara ji."

A cikin kaset Hamidu ya yi sallama, ya nutse, ya fito yana cewa a gaida mahaifiyarsa Inno, kada a sayar da saniya mai farin goshi. Tana sauraro, idonta a ƙasa, Isa ya jona wata rikodar, ya sa sabon kaset, ya kwafe abin da ya rage. Da ya ƙare, ya ɗaure mata tsohon kaset da sabon a gefen mayafi, nesa da gwangwanin.

Yaron mota yana ta kiran Gwandu. Ta tashi ta tafi, ba ta waiwayo ba. Isa ya jawo rediyon da yake gyara.