Kwaɗon da Ba Nasa Ba

A bakin kasuwar riɗi ta Gadarif ba a kulle keke. Mutum ya jingina abinsa a jikin darbejiyar Inna Kande mai shayi, ya gaishe ta, ya shige harkarsa. Shekara da shekaru idonta ne makulli, ko ƙararrawa ba ta taɓa ɓata ba.

Sai ga Kassim, manomin riɗi, da sabon keke mai giya, irin wanda ya yi tsada tun da mai ya yi wuya. Da shi yake zuwa gona, yana kuma ji da shi kamar ƙwai. Ran nan da hantsi ya zaro wata ƙatuwar sarƙa ya naɗe shi da bishiyar, ya datse kwaɗo a gaban tsohuwar.

"Ɗana, ni ce ban isa ba?" in ji ta.

"Inna, gari ya cika da baƙi. Ba don ke ba ne."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta juya kujerarta ta ba bishiyar baya.

Da azahar ya fito ya kwance sarƙarsa, ya tura keken, keke ya ƙi motsi. Ya duba ƙasa. Wata siririyar sarƙa ce ta ɗaure ƙafar baya da bishiyar, da baƙin kwaɗo wanda bai taɓa gani ba.

"Inna, wa ya taɓa ajalata? Wa ya taɓa mini keke?"

"Ka tambayi sarƙarka. Ita ka bar wa amana."

A tsallaken hanya wani dogon mutum mai farar jallabiya yana zaune a kan buhu, yana ɓare gyaɗa a hankali. Ba ya kallon Kassim. Keken yake kallo. Kassim ya gane nufin: shi ya gaji ya tafi, mai kwaɗo ya zo ya buɗe abinsa ya ɗauke keken cikin kwanciyar hankali.

Ya ce ba da shi ba. Ya jefa tasa sarƙar a jaka, ya aro zarto a wurin mai gyaran tarakta, ya durƙusa yana gurzawa, gumi na zuba.

Dogon nan ya karkaɗe hannu, ya miƙe.

"Harami! Jama'a, ga ɓarawo, harami!"

Kafin ƙiftawar ido 'yan ƙodagon da suka zo yankan riɗi sun kewaye shi, da laujensu a hannu, ba wanda ya san fuskar Kassim. Dogon ya ratsa su, ya ciro ɗan makulli, ya murɗa. Kwaɗo ya buɗe.

"Nawa ne, wallahi nawa ne!" in ji Kassim. "Inna, ki gaya musu!"

Duk aka juya wajenta. Inna Kande ta dubi zarton da ke hannunsa, ta dubi keken.

"Ni dai yau ban ga wanda ya zo da shi ba," ta ce.

Da'irar ta fara matsewa.