An Duba, Babu Kowa

Ni na samo wa Auta aiki a laburaren jami'armu inda nake aiki, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. 'Yar kawuna ce, gida ɗaya muka tashi, na girme ta da shekara uku. Ranar da ta samu gurbin karatu, kawu ya kama hannunta ya sa a nawa ya ce, "Ga ƙanwarki nan, amana." Aikin ɗalibai a laburare ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: jera littattafai, buga hatimi, da tashin masu barci. Amma duk mai yin sa yana da gado a ɗakin kwanan ɗalibai har ya gama karatu, kuma gadon nan shi ya riƙe ni a makaranta. In aka sallame ni, ba ni da inda zan sa haƙarƙarina a garin.

Shugabanmu wani dogon mutum ne mai tabarau, muna ce masa Malam A-Rubuta, domin ko atishawa ka yi zai ce a rubuta. Duk Litinin yakan manna jadawalin aiki a ƙofar ofishinsa, kowa da ranarsa da awarsa da sashensa. Mai son musanya da wani sai ya cike fom kwana biyu kafin ranar, kuma sau biyu kawai aka yarda a zango. Wanda aka kama ya yi musanya ba a rubuce ba, shi da wanda ya riƙe masa duk sallama. Mu dai mun ɗauki wannan a matsayin neman magana. Kowa yana riƙe wa kowa a ɓoye: mai aikin ya sa hannu a rajista ya sulale, ɗan'uwansa ya shiga ta ƙofar baya.

A farkon kowane zango Malam yakan tara mu ya yi mana karatun gobara, mu kuma muna hamma. In ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya zagaye sashensa, ya kora masu karatu waje, ya rufe ƙofa, a haɗu a filin ajiye motoci. A can zai kira suna daga jadawalin ranar, kowa ya rubuta a takarda cewa ya duba sashensa, ya sa hannu.

"Jadawalin nan ba ado ba ne," in ji shi. "Ran da wuta ta tashi, da shi zan ƙirga ku. Wanda babu sunansa, ban san da shi ba."

Ɗakin ƙasa ne matsalar, can ƙarƙashin ginin, inda ake ajiye tsofaffin jaridu. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, akwai wani injin tsotse laima da yake gurnani wuni guda, waya ba ta kamawa, ƙararrawa ma ba ta kaiwa can. Shi ya sa mai aikin ɗakin ƙasa ake fara kira. In bai amsa ba, maigadi ya ruga ya fito da shi.

Auta kuwa tun sati na uku ta cinye musanyarta biyu. Ranar wata Laraba, ranar hutuna, ta same ni ina wanki.

"Yaya, don Allah ki riƙe mini ɗakin ƙasa. Awa biyu kawai. Mutumina ya zo daga garinsu, motar yamma zai bi."

"Mutuminki ya zo ya jera jaridun mana."

"Haba Yaya! Wa nake da shi in ba ke ba?"

Auta ta iya wannan. Tana da wata irin murya da take karyawa, ta langaɓe kai, tun muna yara da ita take cinye rabon namana. Na shanya kayana muka tafi laburare, ta sa hannu a rajista da sha biyu, ta miƙo mini makulli ta taga, na shiga ta baya.

Ina kan tsani ina mayar da wani ƙaton kundi sai fitilu suka mutu, injin ya yi tsit. Na ce ɗauke wuta aka yi, har na yi tsaki. Sai na ji ƙauri, irin na robar da ta narke. Na laluba kantocin littattafai ɗaya bayan ɗaya, ina buga gwiwa, har na kai ƙofa. Ina buɗewa hayaƙi ya cika mini baki, can sama kuma ga ƙararrawa tana ta kururuwa, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Daga baya aka ce injin kwafi ne ya kama a ɗakin da ke saman matakalar ɗakin ƙasa.

Karatun da nake yi wa hamma shi ya cece ni. Na toshe hanci da mayafi, na durƙusa, na bi bango da rarrafe zuwa ƙofar gaggawa ta baya. Ban ga komai ba, idanuna kamar an zuba barkono. Na kira sunan Allah, na kira innata, na kira Auta ma, duk da na san ba ta nan. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Da na danna ƙarfen ƙofar ta buɗe, na faɗi a kan ciyawa ina tari har da amai.

Na zagayo filin motoci ina tangaɗi. Ga jama'a cike, ga 'yan kwana-kwana da mesarsu. Malam ya gan ni, ya saki baki. Auta ce ta keto mutane ta rungume ni tana kuka. Na ji daɗin wannan rungumar, wallahi na ji. Na ɗauka isowarta ke nan. Tana shafa bayana ta sa baki a kunnena ta ce, "Yaya, ki rufa mini asiri."

A asibitin makaranta ta zauna a gefen gadona tana ba ni ruwa, ta tsara mini abin da zan faɗa. In ce ni na ɗauki makullin da kaina, na shiga neman wata jarida don aikin bincikena, ita ba ta sani ba.

"Shekararki uku a aikin nan, Malam yana ji da ke, faɗa kawai zai yi. Ni kuwa sabuwa ce. In aka kore ni, me za ki ce wa Baba?"

Na ce to. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka na gaya wa kaina.

Washegari da hantsi Malam ya kira mu ofishinsa. Ko'ina warin ƙauri, an buɗe tagogi. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Babu sunanki a jadawalin jiya. Me ya kai ki ɗakin ƙasa? Ki yi tunani kafin ki amsa. Ɗaukar makulli ba izini, sallama ce, ba ni da yadda zan yi."

Na kalli Auta. Tana wasa da zoben hannunta. Na tuna gadona, amma duk da haka na buɗe baki zan yi ƙaryar. Na ma fara, na ce, "Malam, ni ce na..."

"Dakata. Karanta wannan tukuna."

Ya juyo mini da takardar da aka cike a filin motoci. Layin farko na ɗakin ƙasa ne. An rubuta: An duba, babu kowa. Ga sa hannun Auta, ga lokaci, biyu da minti goma sha shida. Ni na koya mata riƙe fensir, ba zan kasa gane rubutunta ba. Ni kuwa sai biyu da rabi ta wuce na fito.

"Ita na fara kira," in ji Malam. "Ta amsa. Maigadi ya riga ya ɗauki tocila zai sauka, ta ce ba sai ya je ba. Sau biyu na tambaya ko akwai wanda ya rage a ciki."

Ashe tana nan. Ashe ta dawo ana kaɗa ƙararrawa, ta shiga layi, ta tsaya kusan minti ashirin tana kallon ginin da nake ciki. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, ta riƙe ta.

"Auta," na ce, "ke kika rubuta wannan?"

"Yaya, na ɗauka gwaji ne irin wanda ake yi."

"Lokacin da kika sa hannu hayaƙi yana fita ta taga," in ji Malam. "Kina kusa da ni, har kin toshe hanci."

Ban san sa'ar da na fara magana ba. Na faɗi komai, da wankin, da makullin ta taga, da mutumin da zai bi motar yamma. Malam ya rubuta, ya ba mu muka sa hannu. Sannan ya ce dokar musanya ta hau mu duka biyu, zuwa ƙarshen wata mu miƙa makullan ɗakin kwana. Ya ce mini ya so a ce akwai wata hanya, na kuma ga alamar da gaske yake.

Muka fito baranda. Ina tafe ina tunanin inda zan kai akwatina, ƙirjina har lokacin yana zafi in na ja numfashi. Na ji takunta a bayana, na tsaya. Ban ƙi ba ko da kalmar haƙuri ɗaya ce, ina jin da na karɓa.

Ta sha gabana, idanunta jawur, ta ce, "Yanzu hankalinki ya kwanta, Yaya? Da kin yi shiru ai mutum ɗaya za a kora."

Ta tsaya tana kallona, tana jira in ba ta haƙuri.