Mamacin da Ba Ya Makara da Kuɗin Haya

Adisa, ma'aikaciyar kamfanin bashin gidaje da ke Fordham Road, ta juyo wa Tamimu da fuskar kwamfuta ta ɗora farce a kan wani ɗan akwati fari.

"Ankul, nan ne makin kiredit ɗinka, wato tarihin biyan bashinka, zai fito. Ka gani? Ba komai."

Tamimu ya gyara tabarau ya leƙa. Lallai fari fat. Ya yi murmushi, don a Kumasi inda aka haife shi, wannan shi ake kira mutunci.

"Alhamdu lillahi, 'yata. Ban taɓa cin bashin kowa ba."

"To matsalar ke nan."

Iyayen yarinyar 'yan Zangon Kumasi ne, Hausarta tana fitowa a karkace, amma wannan maganar ta fito sak. Ta yi masa bayani. Takardar shaidar aikin soja tana nan lafiya lau. Gwamnati za ta tsaya masa, ba sai ya ajiye kuɗin farko ba. Sai dai ba gwamnati ce mai bayar da kuɗin ba, kamfani ne, shi kuwa kamfani ba ya yarda da mutumin da bai taɓa jin kunya a gaban wani kamfanin ba.

Tamimu ya shafa gwiwarsa ta hagu mai ciwo. A Iraƙi an danƙa masa tankar mai cike fal, ya riƙa ratsa hanyar da ko akuya takan yi tunani kafin ta taka, babu wanda ya nemi makinsa. Yau a kan ɗaki biyu da falo, ana tantamar ko shi mutum ne.

Gidan da yake son saya kuwa ya gan shi, can wajen Throgs Neck. Ba bene, ba matakala ko ɗaya. A bayansa akwai wata bishiya, a kan bishiyar ya ga wasu korayen aku suna ta surutu cikin tsakiyar sanyi, baƙi irinsa waɗanda suka zo suka zauna ba tare da sun cike wa kowa fom ba. Tun ranar gwiwarsa ta ƙulla soyayya da gidan.

"Akwai wata hanya," in ji Adisa. "Ka kawo shaidar haya ta shekara guda daga masu gidanku. Kana biya a kan lokaci, ko?"

"Ranar ɗaya ga wata, ko ana ruwan ƙanƙara."

"Shi ke nan. Da sunanka ai?"

Tamimu ya duba silin.

Gidan da yake zaune a University Heights, hawa na biyar, kawunsa Alhaji Kadri ne ya kama shi tun ana hayar arha. Alhajin ya je gida ganin dangi, ciwo ya kama shi, aka binne shi a Tafo, can Kumasi. Dattawan masallaci suka taru suka yanke cewa babu dalilin tayar wa kamfanin gidan hankali da labarin mutuwa. Ana faɗa, za a ninka haya ko a kori matarsa, Hajiya Zuweira, wadda sunanta bai taɓa shiga yarjejeniyar ba. Tun daga lokacin Tamimu ke sayen moni-oda, takardar biyan kuɗin hayar, da albashinsa na gadi, ya rubuta Kadri a kai.

"In ba shaidar fa?"

"Sai ka karɓi katin bashi. Ka riƙa sayen ƙananan abubuwa, ka biya ƙarshen wata. Bayan shekara mu sake dubawa."

"Wato in ci bashin sabulu, da kuɗin sabulun a aljihuna, don a gane ni mai gaskiya ne."

"Yauwa, Ankul! Ka gane."

"Gidan zai jira ni?"

Ta ce za ta ba shi ruwan sha.

Da la'asar ya iso gida. A akwatin wasiƙu ya tarar da ambulan mai ƙyalli: wani banki yana taya Alhaji Kadri murna, an zaɓe shi cikin amintattu, kati yana jiransa. Tamimu ya jinjina kai. Alhaji da ransa bai taɓa biyan kuɗin nama ba sai mahauci ya biyo shi masallaci. Mutuwa ta gyara shi sosai.

Ya hau benen yana hutawa a kowane hawa, gwiwa tana faɗa masa ra'ayinta game da dangi.

Hajiya Zuweira tana tuƙa tuwo. Ya zayyana mata komai, ya ƙare da cewa wasiƙa ɗaya ce kawai za a nema daga kamfanin gidan.

"Wasiƙa ɗaya," in ji ta, ba ta saki muciya ba. "Ka je ka ce musu mai hayarsu ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, kai ne aljanin da ke biya."

"Hajiya, ai tare za mu koma. Ɗaki ɗaya naki ne. Har aku akwai."

"Aku! Soja, sun ba ka mabuɗin?"

"Tukuna."

"In suka ce a'a fa, bayan ka tona? Akun ne zai matsa mini a kan reshe?"

Ta zuba masa tuwon a kwanon Alhaji, kamar kullum, ta tura masa miyar ayoyo.

Washegari ɗaya ga wata. Ya tsaya a layin shagon canjin cak, ya karɓi moni-odarsa, ya koma jikin kanta inda aka ɗaure biro da sarƙa, don su ma a nan sun san darajar amana. Ya daɗe yana kallon layin da ake rubuta sunan mai biya. Wata mata a bayansa ta yi tsaki.

Ya rubuta. Daga nan ya tsallaka titi yana ɗingishi, zuwa banki, ya roƙi a taimaka a ba shi bashin sabulu.

Alhaji Kadri kuwa, a wannan watan ma, bai makara ba.